Neman Tudun da Zai Shiga Ɗakina

Tudun farko da na gina wa ƙaramin jirgin ƙasana na tebur, gara ce ta cinye shi. Da ragar waya irin ta tagar sauro na tayar da shi, na lulluɓe da takardun buhun siminti da na jiƙa a kokon rogo, sannan na karɓo garin katako wajen kafinta na rina shi kore na barbaɗa a kai. Damina ɗaya ya yi. Ranar da na taɓa gefensa zan gyara wata bishiya da ta karkace, yatsana ya lume, sai ga gara tana kai da kawo a ciki kamar ranar kasuwa. Hajiya ta leƙo ta ce in daina ɓata raina, dama ita tun farko bai yi mata kama da tudu ba, ya fi kama da malmalar tuwo da aka kwarara wa miyar kuka. Na ji haushi ƙwarai, don gaskiya ta faɗa.

Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, a loko, wato wurin ajiye da gyaran kawunan jirgi, ya yi aiki a Zariya, kuma da kukan jirgi muke sanin lokaci muna yara. Da na yi ritaya sai na ɗauko wani abin da na daɗe ina jin kunyar ɗaukowa, wato ƙaramin jirgin ƙasa na tebur, mai tafiya da lantarki a kan ɗan siririn layin dogo. Nawa irin wanda ake kira H0 ne, an rage komai sau 87: mutum mai matsakaicin tsawo santimita 2 ne, tsakanin ƙarafan dogo milimita 16.5. Filina kuwa faifan katako ne guda ɗaya, ƙafa 8 da ƙafa 4, a ɗakin da yaran suka bari bayan sun yi aure. Layi na shimfiɗa, jirgi yana zagawa lafiya. Ƙasar da zai ratsa ce ta gagare ni.

Dalilin zuwana Jamus ba jirgi ba ne. 'Yata da ke zaune a Karlsruhe ta haihu, Hajiya ta tafi zaman jego, ni kuma na bi ta a watan Yuni da sunan ganin jika. Mijin 'yar tawa karatun injiniya yake yi a can, kuma tun kafin aure Injiniya nake ce masa. Yaro ne mai kunya irin ta da. Ba ya cin abinci a gabana, ba ya haɗa ido da ni, kuma in na faɗi abin da ba daidai ba sai ya ce, "Haka ne, Baba," sannan ya yi tari. A wannan tafiya na koyi sauraron tarin nan fiye da maganarsa.

Daga Karlsruhe zuwa Hambag awa biyar ne ko sama da haka a jirgi mai gudu. Ba ni da abin faɗa game da hanyar, barci na yi.

Wurin da muka nufa shi ne Miniatur Wunderland, a tsohuwar unguwar rumbunan 'yan kasuwa da ake kira Speicherstadt, inda dogayen benaye na jan bulo suke tsaye ƙafafunsu cikin ruwa, waɗanda a da ake jibge gahawa da kayan ƙamshi da darduma a cikinsu. Wasu tagwaye ne, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe shi a 2001, kuma yau dogon da ke ciki ya haura kilomita 16 in an miƙe shi. Duk irin ma'aunina ne, ɗaya bisa 87. Akwai filin jirgin sama da jirage ke tashi suna sauka, akwai sashen da aka zuba ruwa na gaske jiragen ruwa na yawo. Ban tsaya a kansu ba, ni tudu na zo saye da ido.

Da niyyata na shiga: tsaunukan Suwizalan nake so. Na sha ganinsu a kalanda, fari a sama, kore a ƙasa, ɗan jan jirgi yana ratsa gada. Sashen Suwizalan na gidan, wanda aka buɗe a 2007, sai da suka fasa daɓen bene kafin ya samu wurin tsayawa. Kana shiga ta gindin dutse ka hau matakala, jirage na wucewa ta saman kanka, ga tsaunin Matterhorn ya kai wajen mita 6. Na tsaya baki buɗe. Na ce wa Injiniya, "Ka ga abin da nake so ke nan. Ko rabinsa."

Ya ce, "Haka ne, Baba." Ya yi tari. Ya ciro waya ya danna, ya miƙo mini da hannu biyu yana kallon takalminsa. Tsaunin na gaske mita 4,478 ne. In aka raba da 87, ya kamata ya zama mita 51, bene wajen hawa goma sha biyar. Wato su ma da suka fasa bene, kusan kashi ɗaya cikin tara kawai suka iya ginawa. Ni kuwa silin ɗina bai kai mita 3 ba, tebur ya riga ya cinye ɗaya. Ya ƙara danna wani lissafin: faifan katakona gaba ɗaya, in aka mayar da shi ƙasar gaske, mita 212 ne da mita 106, filin ƙwallo uku ke nan. A filin ƙwallo uku nake son dasa tsaunukan Suwizalan.

Abin da ya hana tsaunin Hambag zama abin dariya shi ne ya fi mai kallo tsawo, dole ka ɗaga kai. Duk tsaunin dutse da za ka kalla daga sama, kana tsaye da kofin shayi a hannu, ya zama tulin tsakuwa. A nan na fara gane laifin malmalata.

Sai na koma sashen da mutane ke wucewa da sauri, mafi tsufa a gidan, wanda aka yi shi da siffar tsakiyar Jamus da tuddan Harz. Ba ƙanƙara, ba tsauni mai tsini. Tudu ne bayan tudu, kore, da ƙauyuka a kwari da gonaki a gangare. Na samu wuri na jingina da ƙarfen tsare mutane na yi kusan awa ɗaya. Jirgi ya fito daga bayan wani tudu, ya ratsa kwari, ya shige ramin dutse. Na jira shi a inda hankalina ya ce zai fito, bai fito ba. Wani daban ya ɓullo ta can sama. Kafin na farkon ya sake bayyana na manta da shi, kuma da ya bayyana sai na ji kamar daga wani gari mai nisa yake. Nawa jirgin na gida kuwa ba ya ɓacewa daga ido ko na daƙiƙa ɗaya, zagaye yake yi kamar akuyar da aka ɗaure a turke.

Kowane minti 15 ana yin dare a gidan. Fitilun sama su yi ja kamar almuru, su koma shuɗi, tagogin ƙananan gidaje su kama wuta. Da duhun ya sauka, koren nan duk ya mutu, ba a ganin ciyawa ba a ganin ganye, saura siffar ƙasa kawai, inda ta tashi da inda ta kwanta. Kuma tuddan ba su daina zama tuddai ba. Ni da na ɓata mako biyu ina neman rini mai kyau, ban taɓa zama na tambayi kaina ta ina ruwan sama zai gangara daga tuduna ba. Nasu kowanne yana da kafaɗa da ƙugu da kwarin da ruwa ya ci. Nawa kwano ne aka kife.

Mun kwana a Hambag. Magariba ba ta yi ba sai wajen ƙarfe goma, asuba kuma ta riga barci zuwa. Na tausaya wa waɗanda azumi ke riska a can a irin wannan wata.

Bayan kwana uku da komawarmu Karlsruhe, Injiniya ya same ni a falo, ya durƙusa nesa kaɗan, ya ce, "Baba, da za a samu lokaci, akwai wani layi nan kusa. Na ga kamar tuddan da Baba ya tsaya kallo a Hambag, akwai na gaskensu." Wannan ce doguwar magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini tun ranar ɗaurin aure.

Layin Baƙin Daji ke nan, Schwarzwaldbahn a bakinsu. Daga tashar Karlsruhe ake shiga jan jirgi mai hawa biyu da ke zuwa Konstanz, ba sai an canza ba. Muka hau sama, ya bar mini gefen taga. Har Offenburg ƙasa shimfiɗe take, gonakin masara da alkama, tuddai suna can hagu kamar hadarin da bai yanke shawara ba. Daga Offenburg ne layin ya karkata ya shiga kwarin kogin Kinzig. Gengenbach, Haslach, Hausach. Tuddan suka matso a hankali, gonakin inabi suka ba da wuri ga makiyaya, gidajen manoma masu rufi kamar malafa, wanda ya sauko har kusan ƙasa ta gefen tudu, suka fara bayyana ɗaya-ɗaya. A Hornberg jirgi ya hau gada ya bi ta saman rufin gari, kana leƙa tsakar gidan mutane.

Daga nan wasa ya canza. Duhu, haske, duhu, haske. Kafin idonka ya saba da rana an sake shiga rami. Layin yana da ramukan dutse 39, mafi yawansu a cushe suke tsakanin Hornberg da St. Georgen. Ranar da ke dukan kuncina na hagu ta koma na dama, ta sake dawowa. Na hango wani layin dogo can ƙasa cikin kwari, na ce wa Injiniya, "Ashe akwai wani layin." Ya yi tari. Namu ne, wanda muka bi ɗazu.

Wanda ya zana wannan hanya sunansa Robert Gerwig, an gama ta a 1873. Matsalarsa ita ce matsalata, sai dai tasa da dutsen gaske ce. Daga Hornberg zuwa Sommerau, inda layin ya fi tsawo, akwai hawan wajen mita 450, a tazarar da tsuntsu zai yi a kilomita 11. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe santsi gare ta, jirgi ba ya hawan tudu kamar jaki. Gerwig ya ƙudura cewa hawan ba zai wuce mita 1 a cikin kowace mita 50 ba, don haka ya ƙara wa hanyar tsawo da gangan, ya naɗe ta sau biyu a kusa da Triberg, ta tafi, ta juyo, ta sake juyawa, har ta kai kilomita 26. Akwai hanya mafi sauƙi ta wajen Schramberg, amma ta nan sai an taka ƙasar Württemberg, wadda a lokacin masarauta ce daban, su kuwa mahukuntan Baden, masu gina layin, ba su so dogonsu ya fita daga ƙasarsu. Kishin iyaka ya sa aka huda duwatsun nan. Tun kafin a gama, a 1872, aka kira Gerwig aikin layin Gotthard a Suwizalan, inda aka yi irin wannan naɗi.

Muka sauka a Triberg. Tashar tana can ƙasa cikin kwazazzabo, gari yana sama, kuma a gaban tashar an girke wani tsohon baƙin kan jirgi mai gawayi. Na daɗe a gabansa. Warin tsohon mai da ƙarfe iri ɗaya ne ko'ina, warin rigar mahaifina ne in ya dawo daga loko. Yawancin waɗanda muka sauka tare da su sun nufi gari, wajen magangarar ruwan nan mai mita 163 da shagunan agogon da tsuntsu ke leƙowa yana kuka. Mu muka bi wata hanyar ƙafa da aka shirya musamman domin masu son kallon layin, tana hawa cikin daji tana kaiwa ga wuraren da ake hango dogo.

Gwiwata ba ta ji daɗin wannan shawara ba. Injiniya yana gaba da jaka, duk bayan taku hamsin sai ya tsaya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba, don kada a ce ni ne na tsaya.

A wani dandamali da aka kafa a gefen dutse muka zauna. Daga nan ana ganin layin a wurare daban-daban, wani a ƙasa, wani a tsakiyar gangare, wani can sama a hayin kwari. Na fito da littafina da biro na ce zan rubuta kalar kore, don in san wanda zan saya. Ban daɗe ba na ga aikin ya fi ƙarfin kalma ɗaya.

Dogayen itatuwan nan masu ganye kamar allura, waɗanda suka rufe saman tuddai, korensu ya yi duhu har ya kusa zama baƙi, kana ganinsu ka ga inda sunan dajin ya dace. A tsakaninsu akwai wasu masu faɗin ganye, korensu sabo ne shar kamar ganyen gyaɗa bayan ruwan farko. Makiyayar da ke gangaren hayi kala biyu ce: inda ba a yanka ba kore ne mai ɗigon fari da rawaya na furanni, inda aka yanka aka baza ciyawar tana bushewa ya koma ruwan ɗorawa-ɗorawa, a jere layi-layi. Gansakukar da ke jikin dutsen da na dafa wani koren ne daban, mai laushi kamar karan-miski. Tudu na biyu ya fi na farko dusashewa, na uku ya koma shuɗi-shuɗi, na huɗu da ƙyar ka raba shi da sama. Kuma ba ko'ina ne kore ba. Ga wani fili da aka sare, kututture da jan ƙasa a waje. Ga wasu itatuwa uku a tsaye sun bushe sun yi toka-toka, ƙwaro ya cinye su ta ƙarƙashin ɓawo. Tsakuwar dogo ba fara ba ce, tsatsa ta rina ta. Bakin ramin dutse ya yi baƙi, ruwa na tsiyaya ta gefensa, ciyayi sun zubo ta kansa kamar gashin da ba a kitse ba.

Muna nan sai muka ji guɗar ƙarfe tun kafin mu ga komai. Jan jirgi ya fito a layin ƙasa, taragu huɗu ko biyar, ya nuna kansa na ɗan lokaci ya shige dutse. Shiru. Tsuntsaye suka ci gaba da harkarsu. Na duba agogo, na cire rai, har na buɗe gorar ruwa. Can sai ga shi a sama, ya juya fuska, yana tafiya ta inda ya fito. A duk tsawon lokacin nan, abin da muka gan shi bai kai wanda ya yi a ɓoye ba, kuma ban taɓa jin daɗin kallon jirgi irin na ranar ba.

Na ce, "Injiniya, wannan gangaren kawai nake so. Ba dajin duka ba. Bakin rami ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, makiyaya a tsakani, gida ɗaya."

Bai yi tari ba. Ya karɓi littafin ya zana. Don layi ya haye saman ɗan'uwansa a ma'aunina ana bukatar tazarar santimita 8 ko fiye. Ƙaramin jirgi yana jure hawan kashi 3 cikin 100, ya fi na Gerwig tsauri amma yana ja in taragun ba su yi yawa ba. Wato ana bukatar dogo kusan mita 3 kafin a samu wannan tsawo, kuma zagaye ɗaya na kwana mai faɗin santimita 88 ya kusa ba da hakan. Zagayen zai zauna a kan faifaina, tudu ya rufe bayansa gaba ɗaya. Ashe girman tudun ba ni zan zaɓa ba, kwanar dogo ce za ta faɗa. Sannan ya ce, a hankali, "Baba, ko za a bar wata 'yar taga ta bayan tudun?" Na ce tudun Allah ba shi da taga. Ya ce, "Haka ne, Baba." Iska na kaɗawa a lokacin, ban ji ko ya yi tari ba.

Muka yi sallah a kan ciyawa a gefen hanya, wata tsohuwa da karenta suka ratse nesa suka ba mu wuri. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa.

Wannan yanki na kudu maso yammacin Jamus shi ne gidan sana'ar. Kamfanin Märklin, masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa, yana Göppingen tun 1859. Faller, masu ƙananan gidaje na roba da ake haɗawa da gam, suna Gütenbach, cikin Baƙin Dajin kansa. Noch, masu ciyawa da itatuwa, suna Wangen. Shi ya sa in ka buɗe kundin kayansu, ƙasar da ke ciki ƙasarsu ce. Na gane cewa tun ina Zariya, ba tare da na sani ba, tudun wasu mutane nake ƙoƙarin kwaikwaya daga hoton kwali.

Ranar Asabar Injiniya ya kai ni wani shago da wani dattijo ke tsaro, mai gilashi a goshi da wani a hanci. Bango guda ciyawa ce a ƙananan leda, an jera ta kamar kayan yaji a kasuwa: koren bazara, koren tsakiyar rani irin nasu, na kaka, na busasshiyar makiyaya. Ba gari ba ce, zare ne ƙanana da aka yanka daidai, milimita 2, 4, 6, har 12. Na miƙa hannu ga wadda ta fi kowacce haske. Dattijon ya girgiza kai ya yi magana, Injiniya ya fassara yana rage mata kaifi: wai wannan ta masu kafet ce. Ya ce a fara shafa wa ƙasa fenti ruwan ƙasa, kada kore, don duk inda ciyawa ta yi ƙaranci ƙasa ce ya kamata ta leƙo. A zuba gajera mai duhu, a bi da doguwa mai haske a wasu wurare kawai, a yayyafa busasshiya a bakin dogo da gefen hanya. Milimita 2 ciyawa ce mai tsawon santimita 17, wadda shanu suka kiwata. Milimita 6 ta kai gwiwa. Ta 12 ta wuce ƙugu, a yi hankali da ita kusa da dogo, tana shiga ƙafafun jirgi.

Batun itatuwa ma ya ba ni mamaki. Itacen dajin nan mai mita 30, in aka bi lissafi, santimita 34 ne, ya fi tsawon kan jirgina. Waɗanda ake sayarwa yawanci ba su kai rabin haka ba, don in ka dasa na gaskiya za su haɗiye tebur. Dabarar ita ce manya a gaba, matsakaita a tsakiya, ƙanana a ƙwanƙolin tudu, har a ɗauko na ƙaramin ma'auni, wanda ake kira N, ɗaya bisa 160, a jera can baya. Ido ba mudu ba ne, ya san kima, amma a nan ana yi masa wayo ya ga nisa inda babu.

Ya nuna mini na'urar da ke sa ciyawar ta tsaya da ƙafarta. Kamar tocila take da rariya a baki, tana ba zaren cajin lantarki, in ya faɗa kan gam sai ya tsaya cak maimakon ya kwanta. Na tambayi kuɗinta, na mayar da shi naira a zuciyata, na ajiye ta a hankali kamar ƙwai. Injiniya ya raɗa mini cewa da raket ɗin kashe sauro mai caji da rariyar shayi ta ƙarfe ana haɗa irinta. Ya haɗa mini kuwa kafin in taho, tana aiki, sai dai ta taɓa jan yatsana sau biyu.

Da dattijon ya ji daga inda na fito, sai ya sauke gilashin goshi ya tambaya: ƙasarku babu tuddai ne? Na ce akwai. Na ba shi labarin duwatsun Kagoro a watan Agusta, in ka fito daga Kafanchan, yadda hazo ke kwanciya a kafaɗarsu. Na ba shi labarin ƙaramin jirgin Bauchi da mahaifina ke yawan ambata, wanda ya tashi daga Zariya ya hau tudun Jos har Bukuru saboda kuza, aka gama shi a 1914 aka rufe a 1957, kafin a haife ni. Faɗin dogonsa ƙafa biyu da rabi ne, milimita 762. Dattijon ya yi lissafi a ka, ya juya ya ciro wani ɗan siririn dogo mai milimita 9 ya ɗora a tafin hannuna. Ya ce ga shi nan, kusan daidai.

Na riƙe shi na daɗe. Amma na san abin da ke gabana in na bi wannan hanya. Babu mai sayar da kan jirgin, sai na ƙera. Babu ɗorawa ko kaɗanya ko giginya a leda. Gamba da ta fi mutum tsawo tana bukatar zare mai kusan milimita 30. Kuma jirgin kansa a bakin mahaifina kawai na san shi, gangaren Triberg kuwa gwiwata ta san shi. Na mayar masa da dogon. Sai da muka kai ƙofa na dawo na ce a sa mini guda biyu a cikin kayan.

Na dawo gida da leda tara na ciyawa, itatuwa sittin, gidan manomi guda ɗaya a kwali, da bakin rami biyu. Wannan karon da farin soson da ake tokare firji a kwali na gina, gara ba ta da abin ci a cikinsa, kuma ƙafafun tebur huɗu suna tsaye cikin gwangwanayen baƙin mai. Na sassaƙa kafaɗa da ƙugu, na fara haƙa hanyar ruwa kafin komai, na kashe fitila na duba siffarsa a duhu kafin in taɓa fenti. Makiyaya kala biyu na yi, da wani ɗan fili na kututture, da busassun itatuwa uku. Hajiya ta leƙo ta daɗe tana kallo, ta ce, "To, wannan dai ba a ci da miya." Hunturu na farko ƙura ta mayar mini da Baƙin Daji ruwan ƙasa cikin mako biyu, yanzu da tsohon zanenta nake rufe shi, in buɗe ranar Juma'a da yamma.

Jirgi yana shiga ramin ƙasa ya ɓace daƙiƙa goma sha ɗaya kafin ya fito a sama yana fuskantar inda ya baro. A wata na uku, wata Juma'a, ya shiga bai fito ba. Tarago na biyu ya sauka daga dogo a can tsakiyar zagaye, inda hannu ba ya kaiwa ta gaba ko ta sama. Na gwada waya mai lanƙwasa, na gwada muciya. Daga ƙarshe na ja tebur daga bango, na aro wuƙar yankan kubewa a kicin, na yanka murabba'i a bayan tudun daidai shigar hannu.

Da daddare suka kira ta bidiyo don mu ga jika. 'Yata ta ce in nuna wa mijinta tudun. Na zagaya da waya ta gaba, ta gefe, sai hannuna ya kauce ta baya. Injiniya ya yi shiru. Sannan ya ce, "Baba, ya gwiwar?"